FILIN MATA: Lambu A Cikin Aji, Ba Ƙasa Ba Fartanya

 

Makon jiya na yi muku alkawari za mu ci gaba da maganar wankin kayan jarirai, amma ku gafarce ni, wata wasiƙa ta zo ta sha gaban wannan. Wata uwargida ce daga wajen Funtuwa ta rubuto mini. Ta ce ƙanenta da ke karatu a Amurka ya aiko mata da hoto ta waya, ga yara nan zaune a cikin aji, a bayansu kuwa an jera waɗansu farare-fararen bututu a tsaye, ganyen latas ya lulluɓe su tun daga ƙasa har sama, ga fitilu suna haska su. Ba ƙasa ko ƙwaya ɗaya. Ta ce, "Malama, wannan gaskiya ne ko kuwa irin haɗa hoton nan ne na zamani? In kuwa gaskiya ne, me ya hana a yi mana irinsa a makarantar 'ya'yanmu, tun da ga shi da bazara ganye yana neman ya gagari talaka?"

To, yaya, gaskiya ne. Ba sihiri ba ne, ba kuma sabon abu ba ne. Turawa suna kiransa haidaroponik, kalmar kuwa daga harshen Girka aka haɗo ta, ma'anarta aikin ruwa. Mu dai bari mu ce masa shuka ba ƙasa, ya fi mana sauƙin faɗi. Tambayarki ta biyu ita ce mai nauyi, kuma kafin in kai gare ta sai mun bi ta baya tukuna.

Ku 'yan makaranta, ku tuna da abin da aka koya muku a darasin tsirrai. Yawancinmu mun tashi muna zaton tsiro ƙasa yake ci, kamar yadda mu muke cin tuwo. Ba haka ba ne. Da tsiro yana cin ƙasa, ai da duk inda kuka ta girma sai a tarar da rami ya rufta a gindinta. Jikin tsiro daga iska da ruwa yake ginuwa, ganye ne ke yin wannan aiki da taimakon hasken rana. Ita ƙasa aiki uku take yi masa. Tana riƙe shi kada ya faɗi, tana ajiye masa ruwa, sa'an nan tana ba shi waɗansu irin gishiri-gishiri da ke narkewa a cikin ruwan, saiwa ta tsotsa. Manyansu su ne ukun nan da ake rubuta harufansu a jikin buhun takin zamani, watau naitirojin da fosforas da fotashiyam. Bayansu akwai kalsiyam da maganiziyam da farar wuta, sai kuma waɗansu da ake bukata kaɗan ƙwarai, kamar ƙarfe da tagulla da zin, waɗanda in babu su kuma tsiron ba zai yi lafiya ba, kamar dai gishiri a miya.

Kun ga ke nan, in mutum ya sami abin da zai tallabe tsiron, ya narka masa waɗannan abubuwa daidai gwargwado a cikin ruwa, ya bar wa saiwa hanyar shan iska, to ƙasa ba ta zama tilas ba. Wannan maganar iskar ku riƙe ta da kyau, domin za mu komo kanta. Saiwa tana numfashi. Shi ya sa gero yake yin ja ya mutu a gonar da ruwa ya kwanta.

Masana sun daɗe suna bin wannan sawu. A shekarar 1699 wani Bature ɗan Ingila, John Woodward, ya buga labarin yadda ya shuka na'ana'a a cikin ruwa iri-iri, ya ga wadda ke cikin ruwa mai ɗan gurɓin ƙasa ta fi wadda ke cikin ruwa garai girma. Wajen 1860 waɗansu Jamusawa biyu, Sachs da Knop, suka gano abubuwan da za a narka a ruwa tsiro ya rayu har ya yi 'ya'ya. Amma duk wannan a ɗakin gwaji ya tsaya, sai da wani malami a Jami'ar Kalifoniya, William Gericke, ya fito tun daga 1929 yana cewa ai ana iya noman abinci sosai ta wannan hanya. Ya shuka tumatir a bayan gidansa har ya yi tsawon ƙafa 25, sai da tsani ake tsinkarsa. Shi ne kuma ya yaɗa sunan nan na haidaroponik a 1937. A cikin waɗannan shekaru aka kai dabarar wani ɗan tsibiri mai suna Wake a tsakiyar tekun Fasifik, inda jiragen sama suke sauka su sha mai, ba ƙasar noma, ana shuka wa fasinjoji ganye. A 2015 kuwa mutanen da ke zaune a tashar nan ta sararin samaniya suka ci jan latas da suka shuka da kansu a can sama. Allah mai iko.

Yanzu mu zo ga hoton da aka aiko miki. Irin wannan aji yana da yawa a birnin Niyu Yok, kuma yana da dalili. Akwai wata unguwa a birnin da ake kira Bronx, kudancinta yana cikin wurare mafi talauci a duk Amurka. Kada ku yi mamaki, su ma suna da talakawa. Mutane suna zaune a dogayen benaye, ba tsakar gida, ba bayan gida, balle a ce ga inda za a soka irin kuɓewa. Da hunturu kuma ƙanƙara takan rufe ƙasa. Abin da ya fi ba ni takaici a labarin shi ne, a nan cikin unguwar ne babbar kasuwar Hunts Point take, inda ake sauke kayan lambu na jumla da ke ciyar da birnin, amma manyan motoci su kwashe su yi gaba da su unguwannin masu hali. Yaron da ke kwana kusa da kasuwar, abin da ya fi samu a kantin bakin layinsu shi ne lemon kwalba da soye-soye na leda. Sakamakon haka ciwon sukari da ƙiba marar lafiya suka yi yawa. Shekaru da yawa a jere, in aka jera gundumomi 62 na jihar Niyu Yok bisa ga lafiyar mutanensu, Bronx ce take zuwa ta ƙarshe.

A nan wani malamin makaranta mai suna Stephen Ritz yake aiki. Kamar yadda shi da kansa yake ba da labari, wata rana aka aiko masa da kwali cike da waɗansu abubuwa kamar albasa. Bai san ko mene ne ba, ya tura shi bayan abin ɗumama ɗaki ya manta. Bayan makonni faɗa ya kaure a ajin, wani yaro ya kai hannu bayan abin nan yana neman abin jifa, sai ya zaro furanni rawaya. Ashe irin fure ne, ɗumi da ɗigon ruwa sun sa ya tsiro. Faɗa ya mutu, yara suka taru a kan fure. Daga nan malamin ya kama hanyar shuka tare da ɗalibansa, har ya kafa ƙungiyar Green Bronx Machine. Ya sami wani ɗakin karatu da aka daina amfani da shi a wata tsohuwar makarantar firamare, ya cika shi da bututun nan na tsaye, ya sa kicin a gefe, yara su shuka, su tsinka, su dafa, su kai saura gida. Ya ce a cikin ɗaliban da ya fara da su, zuwa makaranta ya tashi daga kashi 40 cikin ɗari zuwa 93. A 2015 ya shiga cikin goman ƙarshe na gasar malamin da ya fi kowa a duniya. Ni da nake koyarwa na yarda da batun zuwa makarantar nan ba tare da gardama ba, domin yaron da ya san akwai abin da zai bushe in bai zo ba, zai zo.

Ba shi kaɗai ba ne. Wata ƙungiya, New York Sun Works, a 2007 ta kafa wani lambu bisa jirgin ruwa a kogin Hudson don mutane su zo su gani. A 2010 ta gina ɗakin shuka a kan rufin wata makarantar gwamnati a Manhattan, yanzu kuwa tana da irin waɗannan azuzuwa a ɗaruruwan makarantu. Wata kuma, Teens for Food Justice, tana mai da ɗakunan da ba a amfani da su a makarantun sakandare su zama lambu. 'Yan makarantar ne ke gudanar da shi, ganyen ya shiga abincin rana na makaranta, sauran a sayar wa mutanen unguwa da araha ko a raba wa mabukata.

Yadda na'urar take aiki ba wuya. A gindin bututun akwai tanki mai ruwan taki. Wani ɗan ƙaramin famfo na lantarki yana tura ruwan sama, ya gangaro yana yayyafa wa saiwoyin da ke rataye a ciki, ya koma tanki. Wani irin kuma kwance yake kamar indararo, ruwa siriri yana gudana a ƙarƙashin saiwa dare da rana. Wannan wani masani ne a Ingila, Allen Cooper, ya ƙago shi a shekarun 1960. Fitilun suna tsayawa a madadin rana, a bar su kunne awa 12 zuwa 16 kowace rana. Yara suna auna ruwan, su ga tsaminsa yana tsakanin 5.5 da 6.5 a ma'aunin da ake kira pH, domin in ya wuce haka saiwa ba ta iya ɗaukar ƙarfe, sai sabon ganye ya fito fari-fari. Cikin mako biyar ko shida latas ya isa ci. Ba ciyawa, ba akuya, ba ruwan kwata. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin kowa ya san irin ruwan da ake ba waɗansu lambuna na bakin gari, mu kuwa mu saya mu yanka mu ci ɗanye da ƙuli-ƙuli.

To, yaya, me ya hana a yi mana? Zan gaya miki gaskiya, ko da ba za ta yi daɗi ba.

Abu na farko wuta. A 2015 waɗansu masana a jihar Arizona suka kwatanta noman latas na gona da na ruwa. Suka ga a fili ɗaya na ruwa ya ninka na gona amfani sau 11. Kilo ɗaya na latas ɗin gona yana shan ruwa wajen lita 250, na ɗaya kuwa wajen lita 20 kacal. Wannan abin sha'awa ne. Amma da suka zo kan wuta da makamashi, sai suka ga na ruwa ya ninka na gona ci sau 82. Kun ji inda gizo yake saƙar. Har a can ƙasar tasu abin ya karya manyan kamfanoni da suka zuba dukiya mai yawa a ciki. A 2023 AeroFarms da AppHarvest suka je kotu suka ce bashi ya fi ƙarfinsu, a 2024 kuma Bowery ya rufe gaba ɗaya. Makarantun da na ambata suna tsayawa ne don ba riba suke nema ba, kuma akwai masu ba da gudummawa da ke biya.

Ku duba mu nan. Famfon nan in ya tsaya da tsakar rana, cikin 'yan awoyi saiwa ta bushe, aikin wata guda ya tafi. Makarantu nawa ne a cikinmu za su rantse cewa wuta ba za ta ɗauke ba na mako shida? Makarantar da nake koyarwa ko fanka ba ta juyawa sai an yi sa'a. Sa'an nan ni dai ina ganin wauta ce mutum ya rufe ƙofa ya sayi fitila don ya yi wa tsiro rana, alhali ga rana nan a waje tana ƙona mana ƙeya kyauta. Su sanyi da rashin fili ne suka kora su cikin ɗaki. Mu abin da ya dame mu rashin ruwa ne da rani, da ƙuncin gida a cikin birni.

Abu na biyu, ganye ba ya maganin yunwa. Ba wanda yake noman gero ko dawa ko masara a cikin bututu, domin ba zai taɓa biyan kuɗinsa ba. Duk wanda ya zo ya ce muku da wannan na'ura za a ciyar da gari, ku tambaye shi tuwon daga ina. Amma kuma kada mu raina ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kowace rana, ban da dankali da rogo. Ku auna da abin da ke shiga tukunyarmu a watan Afrilu da Mayu, lokacin da tumatir ya yi tsada, aka koma kuka yau kuka gobe. Mai ciki da mai shayarwa da yarinyar da ta fara girma su ne suka fi cutuwa, jini ya yi ƙaranci, a yi ta jiri ana cewa iska ce.

Saboda haka ni shawarata, mu ɗauki ilmin mu bar musu na'urar. Akwai waɗanda suka riga mu yin haka, kuma 'yan Afirka ne. A birnin Dakar na ƙasar Senegal, tun 1999 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta koya wa mutane, galibinsu mata, yin lambu a kan ɗan tebur na katako da aka shimfiɗa wa leda. Maimakon ƙasa sai a zuba ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa, ana ba shi ruwan taki da hannu kowace safiya. Ɓawon gyaɗa fa, wanda muke hura wuta da shi! Hukumar ta ce tebur mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana iya ba da latas 36 cikin kwana 60, ko kabeji 10 cikin kwana 90, ko tumatir har 200 a shekara, ruwan da yake sha kuwa bai wuce lita 3 a rana ba. Wannan ko matar da ba ta fita tana iya yinsa a gefen madafi.

Haka kuma a sansanonin 'yan gudun hijira da ke kusa da Tinduf a hamadar Aljeriya, wani injiniya daga cikin 'yan gudun hijirar, Taleb Brahim, ya nuna yadda ake jiƙa sha'ir a baza shi a faranti, ana yayyafa ruwa, cikin kamar mako guda ya zama ciyawa kore shar a ba awaki. Hukumar Abinci ta Duniya ta ɗauki dabarar ta kai ta waɗansu ƙasashe, har da gabashin Cadi inda mutanen Sudan suke gudun hijira. Masu kiwon tumaki a gida, wannan taku ce.

Amma wadda na gwada da hannuna ita ce ta wani malami a Jami'ar Hawai, Bernard Kratky. Tasa ba famfo, ba wuta, ba ma ba da ruwa kullum. A sami jarka ko gwangwani mai cin lita 4, watau wajen galan ɗaya. A cika da ruwan taki. A huda murfin, a sa ɗan ƙaramin kofin roba da aka huda wa gindi da gefe, a ɗora dashen latas a ciki da ɗan tsakuwa ko buntu don ya tsaya, gindin kofin yana taɓa ruwa kaɗan. Shi ke nan. Tsiro yana sha ruwa yana sauka, saiwa tana bin ruwan ƙasa. Filin da ya buɗe tsakanin murfi da ruwa yana cike da iska mai laima, saiwoyin sama su yi ta numfashi a nan. Kafin ruwan ya ƙare latas ya isa ci.

Da hunturun bara na yi wannan da 'yan ajina, jarka goma sha biyu muka jera a baranda inda hantsi yake bugawa. Bari in faɗa muku kurakuranmu, don kada ku maimaita.

Da fari na ɗauka takin gona da ke cikin buhu zai yi. Na jiƙa, rabinsa ya ƙi narkewa ya kwanta kamar tsakuwa, tsiron ya tsaya cik, bakin ganye ya ƙone. Dalili kuwa shi ne an yi takin nan ne don ƙasa ta cika abin da ya rage, a cikin jarka kuwa ba wanda zai cika. Sai da na yi tattaki zuwa wurin masu sayar da kayan gona a birni na samo irin wanda ake narkawa, kashi biyu yake zuwa, kuma kowanne sai an narka shi dabam kafin a haɗa su a cikin ruwa mai yawa. In aka gauraya su da kauri sai su dunƙule su zama kamar alli. Ba zan ɓoye muku ba, yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba, wannan shi ne babban cikas ɗin abin a wurinmu. Sai dai kaɗan ake sawa, ƙulli ɗaya ya ishe mu duka har da saura. In mata biyar ko shida suka haɗa kuɗi suka saya suka raba, zai zo da sauƙi. Ku bi awon da aka rubuta a jiki, kada ku ce bari in ƙara don ya yi sauri.

Na biyu, jarka uku daga ciki farare ne, haske yana ratsa su. Kafin kwana goma ruwan ya koma kore, gansakuka ta cika shi tana cinye takin. Muka naɗe su da tsohon buhu da kwali, abin ya tsaya. Naɗin yana da wani amfani kuma, yana hana ruwan zafi. Ruwa in ya ɗumama iskar cikinsa takan ragu, saiwa ta ruɓe ta yi wari.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tausayi. Akwai wata yarinya a ajin, mai hankali ƙwarai, ba ta cika magana ba. Nata latas ɗin ya fi na kowa kyau. Ranar wata Alhamis ta leƙa ta ga ruwa ya sauka ya kai rabi, tausayi ya kama ta, ta ɗebo ruwa ta cika jarkar har baki ba ta gaya wa kowa ba. Da muka dawo ran Litinin ganyen ya langaɓe kamar an zuba masa ruwan zafi. Ta nutsar da saiwoyin numfashin nan. Ta yi kuka sosai. Laifina ne, domin na gaya musu kada a ƙara ruwa amma ban gaya musu dalili ba. Na zaro tsiron na nuna wa ajin duka saiwar, ga ta sama gajeru masu gashi-gashi, ga ta ƙasa dogaye farare. Da jarrabawa ta zo na tambayi aikin saiwa, ba wadda ta faɗi wannan tambaya, har waɗanda ba su taɓa cin rabin maki ba. Shekara biyu ina zana saiwa a allo ban sami haka ba.

Na huɗu kuma, ku kula da sauro. Jarka ɗaya murfinta bai zauna daidai ba, muka buɗe muka tarar da 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki. Duk wata kafa a toshe ta da tsumma ko soso. Kada garin neman ganye mu jawo wa yara zazzaɓi.

A ƙarshe jarka takwas suka kai. Muka yanka, muka wanke da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri, aka kawo ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir daga gidaje, kowace yarinya ta sami abin da bai fi loma uku ba. Ba wanda ya ƙoshi. Amma huɗu daga cikinsu sun roƙi ragowar takin sun tafi da shi gida, uwar ɗaya kuma ta aiko tana tambaya ko alayyafo zai yi. Zai yi, har ma ya fi latas jure zafi. Shi latas ɗan sanyi ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinsa, in zafi ya shigo sai ya yi tsiri ya yi ɗaci. Na'ana'a da ɗoɗɗoya ma suna yi. Tumatir da tattasai kuwa suna shan ruwa da yawa kuma suna daɗewa, sai da babban bokiti ko rabin duro, kuma ban ba mai koyo shawarar ta fara da su ba.

Saboda haka, yaya ta Funtuwa, in kin je taron iyayen yara, kada ki ce a sayo bututu da fitilu daga Amurka. In makarantar tana da fili da rijiya, a yi lambu na ƙasa, a kewaye shi da ƙaya, ya fi araha kuma ya fi yawa. In ba fili ko ba ruwa, ki ce a ba malamin kimiyya kuɗin taki ƙulli ɗaya, kowane yaro ya zo da tsohuwar jarka daga gida, a wanke ta sarai, kada a yi amfani da wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a ciki. A fara da aji ɗaya. Ki kuma tambaya tun da wuri wa zai duba su in an yi hutu, domin namu na zagaye na biyu hutu ne ya cinye su.

Ku 'yan makaranta da kuka gwada, ku rubuto mini ku faɗi abin da kuka shuka, da kwana nawa ya yi, da abin da ya ɓaci. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu sai kayan jarirai.